Zambar Ashirin: Daga Keson Wuri Zuwa Riyal a N'Djamena

A tsohon ƙidayar Hausa, adadin 20,000 yana da suna nasa. Ana ce masa zambar ashirin, idan kuma wuri ne aka ɗura a buhun tabarma sai a ce keso. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar ana canjin dala ɗaya ta azurfa a kan wuri 2,500. Ke nan keso guda dala takwas ne.

Adadin ya dace da yadda ake ƙirgar wuri. Biyar-biyar ake jan sa da yatsu a ƙasa: ja huɗu hauya (20), hauya biyar zangu (100), zangu metan kuma keso. Idan aka warware 20,000 za a ga ba komai a cikinsa sai 2 sau biyar da 5 sau huɗu, wato 32 × 625. Saboda haka cika ne, ba mara ba, kuma adadi talatin ne ke raba shi ba saura, ciki har da 8 da 16 da 125. Amma uku ba ta shiga cikinsa. Fatake uku da za su raba keso, kowa zai sami 6,666, wuri biyu su yi saura.

A gabas da Tafkin Chadi wuri bai yi ƙarfi kamar a Kano ba. A Bagarmi, inda Barth ya je a 1852, da ƙyallen saƙi ake ciniki. Kuɗin da kowa ya yarda da shi shi ne dalar Mariya Tiriza, wadda Larabawa ke kira riyal. Faransawa sun kafa Fort-Lamy a 1900 bayan yaƙin Kusuri, inda aka kashe Rabe, kuma Hausawa fatake da maniyyata masu bin hanyar Makka ta ƙasa suka zauna a garin. A 1973 aka sauya masa suna zuwa N'Djamena.

Da kuɗin Faransa ya shigo, sai sunan riyal ya koma kan kwabbon faran biyar. Ƙirƙiro sefa a 1945 bai sauya wannan ba, haka ma karya darajarta a 1994. Har yau a Larabcin kasuwar N'Djamena ana raba farashi da biyar kafin a faɗe shi, kamar yadda Bahaushen Maraɗi ke yi da dala. Sefa 20,000 riyal 4,000 ce, takardar 10,000 kuwa riyal 2,000.

A nan ne ɗalibi mai fassara ya kamata ya kula. Wanda ya ji "riyal dubu huɗu" ya rubuta sefa 4,000 a takardar bashi, ya zubar wa mai kaya 16,000.