Tsohuwar Bindiga: Ƙarfenta da Sunanta

Yau darasinmu ya ɗan leƙa tarihi. A ce ka tsinci ragowar tsohuwar bindigar kakanka a rumbu, gara ta cinye ƙotar, sai ƙarfe kawai ya rage. Ta yaya za ka gane ta wane zamani ce?

Fara da inda wuta ke tashi. In ka ga ƙarfe mai baki kamar awartaki, wanda ake maƙala ƙanƙara a ciki, to tsohon samfuri ne, irin wanda ƙanƙara ke ƙyasta wuta ta kama albarushi. In kuwa ɗan tsini ka gani, inda ake ɗora 'yar hular tagulla, to ba ta riga shekarun 1820 ba, domin a lokacin ne wannan fasaha ta bazu a Turai.

Sai ka goge tsatsar gindin bututun a hankali, kada ka kankare, ka nemi hatimi. Sanduna biyu a gicciye ƙarƙashin kambi alamar gidan gwajin bindigogi ne na Birmingham a Ingila, wanda aka kafa a 1813. Haruffan ELG cikin da'ira mai siffar ƙwai kuma na birnin Liège ne a Beljiyam, kuma daga 1893 aka ɗora musu kambi. Amma fa kada ka yanke hukunci da yanki ɗaya. Maƙeranmu sukan haɗa bututun Turai da kunamar da suka ƙera da hannunsu, sai bindiga ɗaya ta zama mai shekaru biyu.

To, ina ruwan nahawu da wannan? Ai kalmomin ma hatimi ne. Bindiga daga Larabci take, bunduƙiyya. Harsashi daga rasas, wato dalma. Albarushi daga al-barud, kuma ka lura "al" ɗin ta manne ta zama jikin kalmar, kamar a alƙalami da alkama. Wannan na nuna cewa ta bakin masu jin Larabci muka fara sanin ta. Tun ƙarni na 16 Mai Idris Alauma na Borno yana da 'yan bindiga. Ka ga sunan ya biyo Sahara, ƙarfen kuwa da yawansa ta bakin teku ya hauro.

Kunama kam tamu ce: Bahaushe ya dubi lanƙwasar da harbin, ya tuna da mai ƙari. Haka ma harbi-ruga, suna ne da ya faɗi komai: kafin ka sake ɗura ta, gara ka ruga.

Kafin mai gwangwan ya auna ta a sikeli, ɗauki hotonta, ka tambayi dattawa yadda suke kiran kowane yanki. A garinku me ake ce mata, bindigar toka ko baushe?