Sassaƙar El Anatsui: Katako, Wuta da Alamomin Al'ummu Uku

An haifi El Anatsui a 1944 a garin Anyako da ke yankin Volta na ƙasar Ghana, cikin al'ummar Ewe. Duniya ta fi saninsa da manyan shimfiɗun da yake harhaɗawa daga murafen kwalabe, amma kafin nan ya shafe shekaru da dama yana sassaƙar katako, kuma a wannan aiki ne salonsa ya kafu.

Ya yi karatun fasaha a jami'ar Kumasi, inda manhajar ta fi karkata ga tarihin zanen Turai. Da ya fara koyarwa a Winneba, sai ya koma wajen masu sana'ar gargajiya yana nazarin adinkra, alamomin da mutanen Akan ke bugawa a jikin tufafi da hatimin da aka sassaƙa daga ƙwarya. Kowace alama tana ɗauke da karin magana ko hikima. Ya riƙa samo farantan katako masu da'ira irin waɗanda mata ke baje haja a kai a kasuwa, yana zana alamomin a kansu da ƙarfe mai zafi, kamar yadda ake ƙawata ƙwarya.

A 1975 ya koma Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka, inda ya koyar har zuwa 2011. A can ya tarar da mai zane Uche Okeke da abokan aikinsa suna raya uli, zanen da matan Igbo ke yi a jiki da bangon ɗaka, mai sirararan layuka da lanƙwasa. Ya kuma yi nazarin nsibidi, tsohon rubutun alamomi na yankin Kuros Riba. Daga waɗannan tushe uku ya tattara siffofinsa: da'ira, murabba'i, alwatika, layukan da suka gitta juna da masu naɗewa. A wurinsa waɗannan siffofi shaida ce cewa Afirka ta daɗe da hanyoyinta na adana tunani a rubuce.

Babban sauyi ya zo a 1980, lokacin da ya zauna a Cummington ta Amurka, ya fara aiki da zarto mai inji. Gizago da kurfi suna bin katako a hankali, shi kuwa zarton yaga yake yi, ya bar gurbi mai kaushi. Anatsui ya danganta wannan yaga da yadda Turawa suka yanyanka Afirka a taron Berlin na 1884 zuwa 1885. Yakan jera dogayen falankai na itatuwa daban-daban, ciki har da loko da majigi, kowanne da launinsa, ya ratsa su da zarto, ya babbaka guraben da wutar walda har su yi baƙi, sannan ya ɗiga fenti a wasu wurare. Falankan ba a manne suke ba, don haka mai rataye su yana iya sauya jerinsu.

A 1990 aka nuna aikinsa a baje kolin fasaha na Venice a Italiya. A 1992 ya sassaƙa aikin da ya kira Erosion a Brazil, albarkacin taron muhalli na Rio, yana nuni da zaizayar daji da ta al'adu.

Daga ƙarshen shekarun 1990 ya karkata ga murafen kwalaben giya, waɗanda ake baje su a ɗinke da wayar jan ƙarfe, har su yi kama da saƙar kente wadda mahaifinsa ya iya. Tsarin bai rabu da na katako ba: ƙananan siffofi masu maimaituwa, da aikin da ke sauya kama duk inda aka kafa shi. A 2015 Venice ta ba shi lambar Zakin Zinare ta aikin rayuwa, a 2023 kuma ya cika babban zauren Tate Modern na Landan da aikinsa.