Nunar da ɗanyen tumatir a ɗaka: abin da ya dace da yanayin Zongon Lome

A ƙarshen ƙaramar damina, wajen watan Nuwamba, 'yan lambu a kudancin Togo kan tsinke ragowar tumatir tun yana kore, don su gyara fili kuma su riga tsutsa da tsuntsaye. Haka ma wanda ake ɗaukowa daga Dapaong da Cinkassé da Burkina Faso, ba a bari ya nuna a gona, saboda tafiyar fiye da kilomita 600 da ke gabansa. Zongon Lome, wanda aka tayar daga tsakiyar birni a 1977 aka mayar Agoè, yana bakin wannan babbar hanya ta arewa. Don haka matan gida da 'yan gwarin unguwar sun saba da kwandon da rabinsa ja ne, rabinsa kore. Ana iya nunar da koren a ɗaka ba tare da asara ba, in an kiyaye wasu ƙa'idoji.

Wane tumatir ne ke nuna bayan tsinka?

Tumatir na cikin 'ya'yan itacen da ke ci gaba da nuna bayan an raba su da uwa, kamar ayaba da mangwaro da gwanda. Shi da kansa yake fitar da wata iska mai suna etilen, ita ce ke tausasa shi ta juya launinsa. Amma sai ƙosasshe ne ke yin haka. Alamarsa ita ce ya kai cikakken girma, fatarsa na sheƙi, korensa ya fara fari-fari ta ƙasa. In ana shakka, a yanka guda ɗaya: idan cikinsa ya yi yauƙi kuma 'ya'yan suna zamewa daga bakin wuƙa, ya ƙosa. Idan wuƙar ta datse 'ya'yan, bai ƙosa ba; irin wannan yanƙwanewa kawai zai yi, gara a sa shi a miya yadda yake.

Inuwa yake so, ba rana ba

Da yawa kan shanya ɗanyen tumatir a rana ko bisa rufin kwano da nufin ya yi ja. Haske ba shi ne ke nunar da shi ba. Ya fi nuna da kyau a zafin digiri 18 zuwa 21, kuma da zarar zafi ya wuce digiri 30, sinadarin da ke ba shi jan launi yakan daina samuwa, sai ya tsaya a ruwan ɗorawa, ya yi laushi, ya tsattsage. A Turai sanyin kaka ne ke sa a gudu da tumatir cikin ɗaki. A Lome kuwa zafi da laima ne abokan gaba, tun ba a Zongo ba, da ke kwari kusa da kogin Zio.

Firiji ma ba wurinsa ba ne. Sanyin da ya gaza digiri 12 yana tsayar da nunar ɗanyen tumatir, ya ɓata ɗanɗanonsa. Sai wanda ya riga ya nuna sarai ake sa wa a ciki.

Yadda ake yi

Da farko a tsince, a ware duk mai rauni ko tabo ko hudar tsutsa, domin wake ɗaya shi ke ɓata gari. A goge da busasshen ƙyalle. In an wanke, a bari ya tsane sosai. A kasa shi gida uku: kore, mai sirkin ja, da wanda ya kusa nuna.

Sannan a shimfiɗa jarida ko busasshiyar ciyawa a kwali ko faffaɗan kwando, a jera shi sahu ɗaya, wajen ƙara yana kallon ƙasa, kada a tula wani bisa wani. A rufe da takarda sama-sama. Kada a ƙulle shi a leda, domin gumi zai yi ya kama fumfuna. A ajiye a ɗakin da ya fi sanyi da iska, bisa benci ko katako, nesa da murhu. A duba kullum, a kwashe wanda ya nuna, a zubar da wanda ya fara ruɓa. Mai sirkin ja kan nuna cikin 'yan kwanaki, kore kuma yana iya kai mako ɗaya zuwa biyu. Mai gaggawa ya sa nunanniyar ayaba ɗaya a kwalin, etilen ɗinta zai hanzarta aikin.

Hattara da kabaid

Wasu 'yan kasuwa na nunar da kaya da kabaid na masu walda, wanda ake kira carbure da Faransanci. Yakan ɗauko guba irin su arsenik, kuma hukumar NAFDAC ta Nijeriya ta sha gargaɗi a kan amfani da shi. Bayan haɗarin lafiya, fata kawai yake rinawa, ciki ya zauna ɗanye ba daɗi.

Dabarun gida da yanayin gaɓar teku

Tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yaɗa har ya samu kyautar Rolex a 2000, busasshiyar iska take buƙata kafin ta yi sanyi. Tana aiki sosai a Maraɗi ko Kano, amma a Lome sai lokacin hunturu, Disamba da Janairu. Haka ma kauɗa: a wasu watanni fumfuna kan riga bushewa. Idan tumatir ya nuna gaba ɗaya ya fi ƙarfin tukunyar gida, abin da ya fi shi ne a markaɗa, a dafa har ruwan ya ƙone, a zuba a kwalba mai tsabta da mai a samansa, a sa a firiji, a yi amfani da shi cikin 'yan kwanaki.