Asalin Babban Baƙi a Nahawun Turanci

Duk yaron da ya shiga makarantar boko an karantar da shi cewa suna a Turanci iri biyu ne: sunan yanka, wanda ya keɓanta ga mutum guda ko gari guda, kamar Landan, da kuma gama-gari, wanda ya haɗa kowane kogi da kowane sarki, sa'an nan aka ce masa alamar na farkon ita ce babban baƙi. To, wannan rabo ya girmi Turanci nesa ba kusa ba, amma alamar tasa, in aka duba tarihi, baƙuwa ce ta jiya jiya.

A Turai, malaman Yunanawa ne suka fara tsayawa kan mas'alar, har littafin nahawun da ake jinginawa ga Dionysius Thrax, ɗan Iskandariyya wanda ya rayu wajen shekara 100 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, ya zayyana iri biyun a ƙarƙashin babin suna. Daga nan Donatus, wanda ya karantar a birnin Rum a ƙarni na 4, ya zuba ta cikin Latin, ɗaliban Turai kuwa suka yi ƙarnoni suna haddace talifinsa kamar yadda almajiranmu ke haddace Ajurumiyya a zaure. Saboda haka, lokacin da William Bullokar ya buga nahawun Turanci na farko a 1586, ma'aunin Latin ya ɗauko ya auna harshen uwarsa da shi.

Abin lura shi ne, a ƙarni na 17 da mafi yawan na 18, marubutan Ingila da ma'abota ɗab'i ba su keɓe babban baƙi ga sunan yanka ba. Kusan kowane suna mai nauyi a jimla sai su ɗaga masa baƙin farko, ko da doki ne ko gaskiya ko haraji, kuma wanda ya buɗe kundin tsarin mulkin Amurka na 1787 zai ga shafin cike da manyan baƙaƙe, layi bayan layi. Sannu a hankali maɗaba'u suka yi ta rage su, har Benjamin Franklin, wanda shi kansa mai ɗab'i ne, ya rubuta wa Noah Webster wasiƙa a 1789 yana kukan cewa barin tsohuwar al'adar ya wahalar da mai karatu. Kukan bai hana ba. Jamusawa dai sun riƙe tasu har yau, mutanen Danmak kuwa sai 1948 suka bari.

A ganina, nan ne hujjar take cewa baƙi al'adar marubuta ce kawai, alhali rabon kansa yana cikin ma'ana, domin Baturen Ingila yana ɗaga baƙin sunayen ranaku da watanni, Bafaranshe kuma ba ya yi, kuma babu wanda ya yi kuskure a cikinsu. Malaman nahawun Larabci irin su Sibawaihi, waɗanda rubutunsu ba shi da babba da ƙarami sam, sun rarrabe alam da isimul jinsi, wato sunan yanka da gama-gari, rarrabewa mai kyau, da ma'ana zalla.

Don haka roƙona ga malaman firamare shi ne, kafin a ce wa yaro ya ɗaga baƙi, a tambaye shi ko kalmar tana nufin abu guda ayyananne ne ko jinsin gaba ɗaya.