Lambobin Gargaɗi a Na'urar Ƙanƙara ta Firiji: Ma'anarsu da Musabbabinsu

Manyan firiji masu ƙofa biyu ko uku, irin waɗanda ke zubo ƙanƙara daga jikin ƙofa, suna da ƙaramar ƙwaƙwalwa da ke lura da aikin kowane sashe. Idan wani sashe ya daina aiko mata da saƙon da take jira, sai ta nuna haruffa da lambobi a allon gaba. Lambar tana nuna wurin da matsalar ta ɓullo ne kawai, ba hukunci ba ce cewa sashen ya mutu. Rashin sanin wannan bambanci kan sa masu gida su biya kuɗin sabuwar na'ura alhali laifin na ruwa ne ko na wutar lantarki.

Yadda na'urar ke aiki

Ruwa yana shigowa ta siririn tiyo a bayan firiji, ya ratsa matata, sannan bawul mai aiki da lantarki ya buɗe na ɗan daƙiƙoƙi ya cika farantin ƙanƙara. Akwai ma'aunin sanyi a jikin farantin. Da ya nuna ruwan ya daskare, sai ƙaramar mota ta murɗa farantin ko ta turo ƙanƙarar cikin akwatinta. Wani hannu na roba ko idon lantarki yana duba ko akwatin ya cika, domin a dakata. A firijin da ɗakin ƙanƙararsa ke ɓangaren sama, fanka ce ke kai masa iska mai sanyi daga firiza. Dukkan wannan aiki ya dogara ga firiza ta kai digiri 18 ƙasa da sifiri a ma'aunin Salshiyos.

Lambobin da aka fi gani

Kowane kamfani da tsarinsa, har ma samfuri biyu na kamfani ɗaya kan bambanta, don haka littafin da ya zo tare da firijin shi ne madogara ta ƙarshe. A yawancin firijin Samsung, 14E na nufin matsala a ma'aunin sanyi na na'urar ƙanƙara, 39E na nufin na'urar ta kasa kammala juyinta, 40E ta shafi fankar ɗakin ƙanƙara, 33E kuma ta shafi abin ɗumama bututun da ruwa ke bi. Wasu samfuran suna nuna C a madadin E, ma'anar ɗaya ce. A firijin LG, Er IF na nuni ga fanka, Er IS ga ma'aunin sanyi, Er gF kuma ga ƙarancin ruwan da ke shigowa. Allon yakan rubuta harafin I kamar lamba 1, S kuma kamar 5, shi ya sa mutane da dama ke karanta Er IS a matsayin Er 15, su nemi ma'anarta su rasa.

Ƙarfin ruwa

A nan ne gidajen biranenmu suka fi samun cikas. An ƙera waɗannan firiji ne don ruwan famfo mai ƙarfi, kuma littattafansu galibi suna neman ƙarfin da bai gaza psi 20 ba, wato kusan bar 1.4. Gidan da ya dogara da tankin sama yana samun kusan bar ɗaya ne a kan kowane mita 10 na tsawo tsakanin ruwan tankin da bakin tiyon. Ke nan sai tanki ya kai kimanin mita 14 kafin ya cika sharaɗin. Tankin da aka ɗora a kan ƙarfe mai tsawon mita huɗu ko biyar ba ya kai ko rabin abin da ake bukata. Ruwan zai ishi wanka da wanke-wanke, mai gida bai ga wata matsala ba, amma farantin ƙanƙara ba zai cika a ɗan lokacin da bawul ke buɗe ba. Alamarsa ita ce ƙanƙara ƙanana ko masu rami a ciki, daga baya lambar gargaɗi ta biyo. Ragowar ruwan da ke ɗiga a hankali kuma yakan daskare a bakin bututu ya toshe shi. Maganin wannan ƙaramin injin ƙara ƙarfin ruwa ne, canza na'urar ƙanƙara ba zai amfana da komai ba.

Ruwan rijiyar burtsatse mai yashi ko laka yana ƙara dagula lamarin. Kamfanoni suna cewa a canza matata duk wata shida, amma da irin wannan ruwa takan toshe kafin lokacin.

Wuta da danshi

Idan aka ɗauke wuta na sa'o'i, ƙanƙarar da ke akwati takan soma narkewa. Da wuta ta dawo sai ta sake daskarewa ta zama dunƙule guda, ta riƙe farantin ko hannun da ke auna cikar akwatin, motar ta kasa juyawa. Wannan na daga cikin abubuwan da ke haifar da 39E. Haka nan iska mai danshi, musamman da damina, idan tana kutsawa ta robar ƙofa da ta saki, takan daskare a kewayen fanka har fukafukanta su tsaya, sai 40E ko Er IF ta fito. Kafin hakan akan ji ƙarar karce-karce daga ciki.

Hawa da saukar wuta, da sauyawa tsakanin wutar gari da janareto, kan rikita ƙwaƙwalwar ta nuna lamba ba tare da wani abu ya lalace ba. Akwai kuma batun firijin gwanjo da aka shigo da su daga Amurka. An yi su ne don wuta mai ƙarfin bolt 115 zuwa 120, ta Nijeriya kuwa 230 ce, saboda haka ba sa aiki sai da tiransifoma mai rage ƙarfin wuta. Idan tiransifomar ta yi wa firijin kaɗan, bawul da fanka ba za su sami abin da ya ishe su ba.

Abin da mai gida zai iya yi

Matakin farko shi ne a rubuta lambar ko a ɗauki hotonta, sannan a cire firijin daga soket na kusan minti biyar a mayar. Idan ta ɓace ba ta dawo ba, rikicewar wuta ce. Idan ta dawo, a duba ko makunnin na'urar ƙanƙarar a buɗe yake, ko famfon da ke ba firijin ruwa a buɗe yake, ko tiyon ya lanƙwashe lokacin da aka tura firijin jikin bango. A zubar da dunƙulalliyar ƙanƙara. Idan ƙanƙara ce ta kama fanka, a kwashe abinci, a kashe firijin, a bar ƙofofi a buɗe har ta narke da kanta. Kada a sa wuƙa ko sukundireba: firijin zamani da yawa suna aiki da iskar R600a mai kama wuta, kuma huda bututunta asara ce babba. Bayan an kunna, na'urar na iya ɗaukar sa'o'i 24 kafin ta koma aiki sosai.

Lambar da ta ƙi ɓacewa bayan duk wannan, musamman 14E, 33E ko Er IS, tana bukatar mai gyara ya gwada ma'aunin sanyin da wayoyinsa da mita kafin a sayi komai, domin wani lokaci waya ce kawai ta kwance. Firijin da garantinsa bai ƙare ba kuwa, wakilin kamfani ya kamata ya buɗe shi, don kwance shi a wani wuri na iya soke garantin.