'Yan Damben da Ba a Yi wa Waƙa Ba

Duk wanda ya yi wayo a ƙasar Dutse tun kafin a yanke Jihar Jigawa daga Kano a shekarar 1991, ya san cewa idan kaka ta yi, aka ɗaure gero aka kai rumbu, aljihun talaka ya ɗan yi nauyi, babu abin da samarin mahauta ke sauraro illa amon kalangu a bayan kasuwa, ko a Shuwarin, ko a Kiyawa, ko a Jahun, domin dambe tun asali wasan rundawa ne, gadonsa suke yi kamar yadda suke gadon wuƙa. Saurayi zai naɗe hannu guda da zare tamau, ya ɗaura layu a damtse, ya yi kirari har jikinsa ya ɗauki tsuma, sannan ya miƙa ɗaya hannun yana auna abokin karawarsa. In aka yi turmi uku ba kisa a raba su, in kuwa wani ya kai ƙasa, to an kashe shi ke nan a yaren ma'abota wasan, alhali zai tashi ya kakkaɓe jikinsa.

Sunan Shago ya game ƙasar Hausa, har yaran da ba su taɓa ganin Zamfara ba sun san shi, kuma sababin haka bai ɓuya ba: Allah ya haɗa shi da Ɗan Anace, wanda ya zuba shi a waƙa, rediyo kuma ta ɗauka ta kai ko'ina. Makaɗi shi ne marubucin tarihin wannan fage, shi ne mai riwaya, shi ne kuma isnadin. Wanda bai samu makaɗi ba, ko da ya kashe mutum goma a kaka guda, shuhurarsa ba ta ƙetare kasuwa uku.

Irin waɗannan da ba su samu makaɗi ba su ne mafi yawa, kuma su ne suke damuna. Zamaninsu kaka biyu ne ko uku. Wani hannu ne ya karye, maɗori ya ɗora, bai sake komawa daidai ba. Wani kuwa neman aure ya je, waliyyin yarinya ya ce ba ya ba da 'ya ga mai dambe, malamin unguwa kuma ya ƙara da nasihar cewa bugun fuskar musulmi ba halal ba ne, sai ya kwance zare ya rungumi sana'ar ubansa. Na taɓa zama a rumfar wani dattijon mahauci a kasuwar Shuwarin, na lura yatsunsa biyu na dama sun lanƙwashe ba sa miƙewa, yana yanka nama yana tura wa yaro ya ƙulla, kuma sai da wani tsararsa ya zo ya tsokane shi da tsohon takensa na fage na ga fuskarsa ta sake, ya ajiye wuƙa yana murmushi. Jikokinsa da ke wurin ba su taɓa jin taken ba.

Ba ko'ina ake barin irinsu su ɓace ba. A Amurka akwai wasan ƙwallon sanda da ake kira besbol, wanda ma'abotansa suka lazimci rubuta sunan kowane ɗan wasa a daftari komai ƙanƙantar rabonsa. Wani mai suna Walter Alston, mai tsaron zangon farko, wasa guda tak ya yi wa ƙungiyar St. Louis Cardinals a shekarar 1936, sau ɗaya ya riƙi sanda, aka kuwa fitar da shi bai ci komai ba, amma har yau wannan yini yana nan a rubuce. Mu da muka gaji malamai masu tsara ɗabaƙoƙin magabata ɗaya bayan ɗaya, bai kamata a riga mu wannan himma ba.

Saboda haka ina roƙon ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutse, da duk mai alƙalami a masarautar Dutse, su je wurin sarakunan pawa da tsofaffin makaɗan kalangu, su tambayi sunayen tsofaffin 'yan dambe da taken kowa da garin da aka kara, su rubuta tun masu bayarwa suna da sauran numfashi.