Amfani da Injin Matsi Mai Rahusa Wajen Canza Boris ɗin Mota a Gida: Nazarin Hanyar da Ƙarfi Ke Bi

Tsakure

Maƙalar ta duba ko injin matsi na haidirolik mai rahusa, mai tan 12 ko 20, ya isa canza boris ɗin ƙafar mota a gida. An bi hanyar lissafi da nazarin ƙirar boris. An gano cewa ƙarfin mai tan 20 ya wadatar, mai tan 12 kuwa yana iya gazawa wajen fitar da tsohon boris. Inda ake samun ɓarna shi ne hanyar da ƙarfin ke bi da kuma farantan da ake ɗora aikin a kansu.

Gabatarwa

Ba kowane boris ne ke buƙatar matsi ba. A Toyota Corolla ƙirar 2003 zuwa 2008, wadda ta cika titunan Kano da Kaduna, na baya haɗe yake da hob ɗinsa, kwance noti huɗu ne a sauke shi. Na gaba kuwa cusa shi ake yi cikin nakul da ƙarfi, domin ya ɗara ramin da zai shiga da 'yan kashi cikin ɗari na milimita. A kan wannan na gaban nazarin ya tsaya. A gareji da dama har yau guduma da tsohon bututu ne ke wannan aiki, shi ya sa mai mota kan koma kasuwar Ƙofar Ruwa neman wani boris ɗin wata uku bayan ya sa sabo, yana zargin mai shago da sayar masa da jabu.

Ƙarfin injin

Ƙa'idar Blaise Pascal ce tushe: matsin da aka yi wa ruwa a rufaffen wuri yakan bazu daidai ko'ina. Joseph Bramah ya yi rajistar injin da ke aiki da ita a Ingila a 1795. Na rahusa na yanzu jak ne kawai aka girke cikin firam. A ɗauka ƙaramin fistin na da faɗin milimita 12, babban kuma 55. Ƙarfi zai ninka kusan sau 21. Idan hannun jak ɗin na ninkawa sau 25, dannawar kilo 20 za ta haifar da kimanin tan 10. Wannan ya fi abin da shigar da sabon boris cikin tsabtataccen rami ke nema.

Fitar da tsoho ne ke da wuya, musamman a motocin tokumbo da suka yi shekaru a arewacin Amurka da Kanada, inda ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara. Tsatsa kan manne boris da nakul har su zama kamar abu guda. Nan ne mai tan 12 ke iya gazawa.

Hanyar ƙarfi

Boris zobe biyu ne, na waje da na ciki, da ƙwallaye a tsakani. Doka ɗaya ce: a danna zoben da ke shiga a matse. Lokacin cusa boris cikin nakul, ƙarfen dannawa ya hau zoben waje kaɗai. Lokacin cusa hob, a tokare zoben ciki daga ƙasa. In aka saɓa, tan ɗin nan duka za su ratsa ta cikin ƙwallaye, su lotsa hanyar da suke birgima a kai. Injiniyoyi sun raɗa wa wannan lotsawa sunan Johan August Brinell, ɗan Suwidin da ya fito da gwajin taurin ƙarfe a 1900. Ido ba ya ganinta a ranar, sai an hau kwalta kunne ya ji gurnani. Ke nan injin matsi a hannun wanda bai san dokar ba ya fi guduma saurin kashe boris.

Akwai kuma batun fuskar boris. A motoci da yawa masu birkin ABS, gefe ɗaya na boris ɗin na ɗauke da zoben maganaɗisu da na'urar auna gudu ke karantawa. Wanda ya juya shi baibai ya yi asara, don fitar da shi na nufin lalata shi.

Sanyaya boris na rage aiki. Ƙarfe na tsukewa da kusan kashi 12 cikin miliyan a kowane digiri. Boris mai faɗin milimita 80 da aka sauke daga digiri 30 zuwa 18 ƙasa da sifili zai ragu da kimanin milimita 0.046. Sai dai dabarar na son firiza mai wuta, a kuma yi hanzari, don zafin Afrilu ba ya jira.

Haɗari

Raunin injin rahusa na wurin farantansa. Wasu da ƙarfen zubi ake yin su, shi kuwa ba ya lanƙwasa ya yi gargaɗi, tarwatsewa yake yi. Haka soket da ake ara a matsayin ƙarfen dannawa: in ya karkace kaɗan sai ya fita kamar harsashi. Yawancin injinan nan ba su da agogon auna matsi, saboda haka hannun mai aiki ne ma'auni. Da zarar hannun jak ya yi tauri boris bai motsa ba, a saki, a duba ko an manta da zoben kulle a cikin raminsa.

Kammalawa

Mai tan 20 ya isa aikin gida, muddin an sauya farantansa da na ƙarfe mai kauri, an sa tabarau na kariya, an kuma ɗaure notin aksil da sifana mai auna ƙarfi bisa adadin da kamfanin motar ya ƙayyade. Wanda mota ɗaya gare shi, ya kwance nakul ɗin ya kai wa mai injin ya matsa masa, ya fi masa sauƙi.